Satoshi Omura: malamin ajin dare da ya tono magani cikin ƙasa

Ranar 30 ga watan Janairu na shekarar 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka fi sani da OMS, ta bayyana cewa Nijar ta raba gari da makantar rafi, ciwon nan da lokotoro ke kira onkosarkoz. Ita ce ƙasa ta farko a nahiyar Afirka da ta samu wannan shaida, ta biyar kuma a duniya, bayan Kolombiya da Ekwador da Meziko da Gwatemala. Mutumin Maraɗi ko na Damagaram ko na Tawa yana iya jin labarin bai girgiza ba, domin ƙudan da ke yaɗa ciwon ba ya hayayyafa sai a ruwa mai gudu da ƙarfi, abin da ya yi ƙaranci a tudun ƙasar Hausa. Amma a kudu maso yamma, bakin rafukan Sirba da Gorubi da Tapowa da Mekru, magana ce ta ido da gona da zaman gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan kuwa hannuwa da yawa suka ɗauke ta. Ɗaya daga cikinsu na wani ɗan ƙasar Japan ne, Satoshi Omura, masanin sinadaran da rayayyun halittu ke sarrafawa a jikinsu, fannin da ake kira biyoshimi a lakwal. Tarihinsa ya cancanci malaman makaranta su san shi, ko don a aji ya fara, da alli a hannu.

An haifi Omura ranar 12 ga Yuli 1935 a wani ƙauye da ke cikin garin Nirasaki a yau, a jahar Yamanashi, yankin duwatsu da gonakin inabi da ke yamma da Tokiyo. Mahaifinsa manomi ne, mahaifiyarsa malamar firamare. Da yake shi ne babban ɗa namiji, kowa ya ɗauka shi zai gaji gona, aka kuwa horar da shi a kan haka, karatu sai abin da ya samu. Shi da kansa ya sha faɗin cewa ba ya cikin yaran da ake nunawa don ƙoƙari a aji. Zuciyarsa tana wajen wasa, musamman tseren nesa a kan dusar ƙanƙara, wanda ake yi da dogayen katakai ɗaure a ƙafa, har ya wakilci jaharsa a gasar ƙasa baki ɗaya. Abu biyu ya ce ya riƙe daga ƙuruciya. Na farko gargaɗin kakarsa, wadda ta rene shi sa'ad da uwar ke aji, cewa mutum ya riƙa auna aikinsa da amfanin da zai yi wa wasu. Na biyu darasin filin tsere: mai kwaikwayon horon gwani ba ya wuce gwanin, sai fa in ya nemi tasa hanya.

A 1958 ya gama jami'ar Yamanashi a fannin kimiyya, ya tafi Tokiyo ya kama koyarwa a makarantar fasaha ta Sumida, sashen dare. Ɗalibansa samari ne da ke wuni a ƙananan masana'antun unguwar, su zo aji bayan an tashi aiki. Wata rana ta jarrabawa, yana zagayawa tsakanin tebura, sai idonsa ya faɗa kan hannun wani yaro: baƙin man inji bai gama fita daga yatsunsa ba, ga shi riƙe da fensir yana ta rubutu. Omura ya ce kunya ce ta kama shi. Shi da aka ɗauke wa nauyi har ya gama jami'a, me ya yi da wannan dama in ban da wasa? Duk mushen da ya taɓa riƙe ajin maraice ko na yaƙi da jahilci ya san irin wannan hannu, na makaniki, na mai faskare, na matar da ta baro turmi. Abin da ya bambanta Omura shi ne abin da ya yi da kunyar. Ya koma karatu: da rana ɗalibi a jami'ar kimiyya ta Tokiyo, da dare malami a gaban allo, in an tashi kuma ya nufi ɗakin gwaji. Shekara biyar ya yi yana koyarwa, a 1963 ya samu digirinsa na biyu. A wannan tsakani ne ya ƙware a kan wata na'ura da ba ta yawaita a Japan ba tukuna, wadda ke amfani da ƙarfin maganaɗisu ta nuna yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikin sinadari. Wanda ya iya karanta zanen da take fitarwa a lokacin, kamar mai karatu ne a garin da ba malami.

Daga nan ya koma jami'ar Yamanashi a matsayin mataimaki, a sashen da ke nazarin yadda ruwan inabi ke tsima ya zama giya. Shekara biyu kawai ya yi, amma nan hankalinsa ya karkata. Ya ga yis, halittar da ido ba ya gani, yana juya sukari zuwa barasa cikin dare ɗaya, ba wuta ba hayaniya, aikin da masanin sinadari zai sha wuya kafin ya yi shi da kwalabensa. Ba wani baƙon al'amari ba ne ga wanda ya san yadda madara ke kwana ta zama nono, ko yadda kalwa ke ruɓewa ta zama daddawa. Masu aikin duka dangi ne. Omura ya yanke shawarar haɗa sana'o'in biyu: ya bar ƙananan halittu su ƙera sinadarai, shi kuma ya gano abin da suka ƙera.

A 1965 ya shiga Cibiyar Kitasato da ke Tokiyo, gida mai tarihi. Wanda ya kafa ta a 1914, Shibasaburo Kitasato, almajirin Robert Koch ne a Berlin. Shi ya fara raba ƙwayar tetanus ita kaɗai a 1889, a shekara mai bi kuma, tare da Bajamushe Emil von Behring, suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta jure dafin cuta yana kare wata dabbar. Da aka ba da kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901, Behring shi kaɗai aka ba. Aƙidar da Kitasato ya bar wa gidan ita ce, binciken da bai kai ga majinyaci ba bai ƙare ba. Omura ya fara daga ƙaramin matsayi a ƙarƙashin Toju Hata, aka ba shi aikin gano sigar wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna lekomisin, ya kuwa warware ta da na'urar nan tasa. Ya samu digirin dakta a fannin magunguna daga jami'ar Tokiyo a 1968, wani kuma a fannin sinadarai a 1970. Sai dai bai gamsu ba. Zana sigar abin da wani ya sha wuya ya samo, a ganinsa, cin gumin wani ne. Ya ce shi ma zai shiga neman sabo.

A nan ya kamata a tsaya a kan halittar da ta ci rayuwarsa. A cikin giram ɗaya na ƙasar gona akwai ƙananan halittu miliyoyi. Daga cikinsu akwai wani dangi na bakteriya da ake kira Streptomyces, masu yaɗo siriri kamar zare. Mai karatu ya san su ko da bai san sunansu ba: ƙanshin nan da ke tashi daga ƙasa ranar ruwan fari, wanda ke sa manomi ya leƙa rumbun iri, wani sinadari ne da suke fitarwa. Da yake a cunkushe suke zaune da maƙwabta masu neman abinci ɗaya, sun iya haɗa dafi iri-iri, kuma dafin da bakteriya ta tanada don abokan gabarta sau da yawa magani ne ga ɗan Adam. Daga wannan dangi aka samo streptomisin a Amurka a 1943, maganin farko da ya ci ƙarfin tarin fuka.

Aikin neman ba shi da wani kwarjini. Omura da ma'aikatansa kan yi yawo da ƴan jakunkunan leda a aljihu, duk inda suka je su ɗebi ƙasa kamar cikin cokali, su rubuta wuri da rana. A ɗakin gwaji a jiƙa ta, a tsarma, a shafa a faranti mai abinci, a jira kwanaki har halittun su tsiro, kowace da launinta. Sa'an nan a ware su ɗaya-ɗaya, a rena kowace a kwalba, a gwada ruwan da ta fitar. Dubbai ake warewa a shekara, kusan dukansu a banza: ko ba su fitar da kome ba, ko abin da suka fitar an riga an san shi. Gwanintar Omura ita ce ido da tsari, wato sanin wadda ta yi dabam a faranti, da ƙirƙiro sababbin hanyoyin gwaji da za su kama abin da na wasu suka tsallake.

A 1971 ya tafi Amurka, jami'ar Wesleyan da ke jahar Konetikat, bisa gayyatar Max Tishler, wanda ya daɗe yana shugabantar bincike a kamfanin magunguna na Merck kafin ya koma koyarwa. Tishler ya riƙe shi kamar ɗa, ya buɗe masa ƙofofin manyan masana da na kamfanoni. Ba a daɗe ba Kitasato ta kira shi gida don ya riƙe ɗakin bincike. Omura ya san abin da ke jiransa: muƙami ba kuɗin aiki. Kafin ya tashi sai ya bi kamfanoni yana neman abokin hulɗa, a 1973 kuma aka ƙulla yarjejeniya da Merck, dalar Amurka dubu 80 kowace shekara har shekara uku, kuɗi masu kauri ga ɗakin bincike na Japan a wancan zamani.

Masu ba da labarin Omura sukan wuce wannan yarjejeniya da sauri, alhali ita ce ginshiƙin kome. Sharuɗɗanta a bayyane suke. Kitasato ta nemo halittu ta aika, kamfani ya gwada su da kayan aikin da cibiyar ba ta da su, in an dace kamfani ya riƙe takardar mallakar ƙirƙira ya sayar, amma ya riƙa biyan cibiyar la'ada a kan ciniki. Omura bai sayar da guminsa a dunƙule ba, bai kuma tsaya roƙon tallafi ba. Ya shiga ne a matsayin mai kaya. Dabara ta biyu ita ce zaɓen fage. Manyan kamfanonin duniya duk suna tsere a kan maganin mutane, dabbobi kuwa sai ragowar abin da aka yi don mutane ake ba su. Ɗan manomin ya ce a nemi maganin dabbobi. Darasin filin tsere ke nan ya dawo.

Cikin ƙasar da aka ɗebo a wannan lokaci akwai ta wani wuri kusa da filin wasan golf na Kawana, a garin Ito da ke bakin teku a jahar Shizuoka. Daga cikinta aka ware wata Streptomyces da ba ta yi kama da sanannun ba, aka ba ta lamba OS-3153, aka haɗa ta da wasu hamsin da ƴan kai aka aika Amurka a 1974. A ɗakunan gwajin Merck akwai wata hanya da ba kowa ke da ita ba: a sa wa ɓeraye tsutsar ciki da gangan, a cuɗa ruwan bakteriya cikin abincinsu, bayan kwanaki a duba hanjinsu. A 1975 aka kai ga wannan lamba. Ɓeran ya rame, don ruwan yana ɗauke da wani dafi dabam da aka ware daga baya, amma tsutsa ko ɗaya ba ta rage a cikinsa ba. Masanin tsutsotsi William Campbell, haifaffen ƙasar Ailan, da abokan aikinsa suka bi sawun abin har suka tace shi. Suka sa masa suna abamektin, a rubutun boko avermectin, daga harafin «a» na korewa da kalmar Latin «vermis», uwar «ver» ta Faransanci: abin da ke raba jiki da tsutsa. An bayyana shi ga duniya a 1979. Masana sinadarai na kamfanin suka ɗan taɓa sigarsa, suka ƙara ƙwayoyin haidirojin biyu a gurbi na 22 da na 23, aka samu ibamektin, wanda ya fi sauƙi ga jikin dabba. A 1981 ya shiga kasuwa da sunan Ivomec.

To, wa ya gano shi? A Japan akan ce Omura, a Amurka akan ce Campbell da Merck. Gaskiya ba ta yi wa ko wane ɓangare daɗi sosai ba. Omura bai san abin da ke cikin OS-3153 ba sa'ad da ya aika ta, domin ba shi da gwajin tsutsa. Merck kuma ta yi ta gwada dubban halittu daga wurare dabam-dabam, ba ta dace da wannan ba sai a cikin ƴan kaɗan da idon Kitasato ya zaɓa. Mai kama kifi da mai saƙa koma ne, kowa ya rasa ɗan'uwansa ya kwana da yunwa.

Ƙarfin maganin ya ba kowa mamaki. Mililita ɗaya na allurar ya ishi kilo 50 na nauyin saniya, kuma yana kashe na ciki da na waje: tsutsar hanji, ta huhu, ƙwarƙwata, ƙazwa, har da wasu kaska. Dalili shi ne, a jijiyoyi da tsokar tsutsotsi da ƙwari akwai wasu ƴan ƙofofi da ke buɗewa su rufe don saƙo ya wuce. Maganin yana danne su a buɗe, sai tsutsar ta shanye, ba motsi ba ci. Mutum da dabbobi masu shayarwa ba su da wannan irin ƙofa, masu kama da ita kuma suna cikin ƙwaƙwalwa, bayan wani shinge da maganin ba ya ƙetarewa da sauƙi. Fiye da shekara ashirin yana kan gaba a cinikin magungunan dabbobi a duniya, makiyayan Sahel ma sun san kwalbarsa. Ba a rasa abin da ya biyo baya ba: inda aka yawaita shi tsutsotsin tumaki da awaki sun fara jurewa, ragowarsa a cikin kashin shanu kuma tana cutar da buzuzu, wanda aikinsa ne mai da kashi taki.

Da labarin ya tsaya nan, da tarihin kasuwanci ne kawai. Abin da ya juya shi zuwa Afirka wata tsutsa ce ta dawaki. Campbell ya lura maganin yana kashe ƴaƴan wata tsutsa da ke zama a fatar doki, wadda ƴar'uwa ce ta kusa ga mai kawo makantar rafi, a 1978 kuma ya ba shugabanninsa shawarar a gwada shi a kan mutane.

Ciwon kansa ga yadda yake. Wani ɗan baƙin ƙuda mai doro, wanda masana suka laƙaba wa Simulium damnosum, wato mai ɓarna, yana cizon mai ciwo ya kwashi ƴaƴan tsutsa, su girma a jikinsa, ya zuba su ga wani. A jikin mutum sai su zama manya, su dunƙule cikin ƙululu a ƙarƙashin fata. Macen tana iya kai rabin mita, ta rayu har kusan shekara 15, tana zuba ƴaƴa kamar dubu a rana. Ƴaƴan ne ke yawo cikin fata da ido, in sun mutu jiki ya tashi da kumburi. Da fari ƙaiƙayi ne mai hana barci, har mutum ya riƙa susa da dutse ko tsinken kara. Sa'an nan fata ta yi kaushi, ta yi dabbare-dabbare kamar ta damisa. A ƙarshe gani ya dushe, sau da yawa mutum yana tsakiyar ƙarfinsa. A ƙauyukan da abin ya yi tsanani, yaro ba ya zuwa lakwal domin shi ne ɗan jagoran ubansa, yana kuma kallon abin da ke jiransa. Mutane suka riƙa gudu daga fadamu masu albarka suna hawa tudun da ya gaji da noma. Magungunan da ake da su a da, biyu ne, kowane da sharrinsa: ɗaya yana kashe ƴaƴan tsutsa da gaggawar da ke ƙara lalata ido, ɗayan allura ce mai dafi da ke iya kashe majinyacin.

Saboda haka yaƙin farko da ƙuda aka yi shi. A 1974 OMS da Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa shirin OCP mai cibiya a Wagadugu, da ƙasashe bakwai: Nijar, Mali, Gana, Togo, Kodibuwar, da Benin da Burkina Faso na yau. Daga baya suka zama goma sha ɗaya. Kowane mako jirage masu saukar ungulu suna bin rafuka suna zuba maganin da ke kashe ƴaƴan ƙuda a cikin ruwa. Lissafin shi ne, in aka hana cizo na tsawon rayuwar babbar tsutsa, ciwon zai mutu da kansa. Aiki ne mai tsada, ƙuda ya fara jure maganin a wasu wurare, iska kuma tana kwaso wasu daga nesa. Wanda ya riga ya kamu kuwa, jirgi ba ya yi masa kome.

Gwajin farko a kan mutane an yi shi a Dakar a 1981, a kan majinyata 32, ƙarƙashin Mohammed Aziz, likitan Merck haifaffen Bangaladash wanda ya taɓa aiki da OMS a Afirka. Shan magani sau ɗaya ya kusan share ƴaƴan tsutsa daga fata, na tsawon watanni, ba tare da tashin hankalin tsohon magani ba. Masana da dama sun yi shakka da fari, sai da gwaje-gwaje suka yawaita a wasu ƙasashen yankin. A 1987 hukumomin Faransa suka amince da shi da sunan Mectizan. Sai wata matsala ta taso: masu bukatarsa su ne matalautan matalauta. Shugaban kamfanin, Roy Vagelos, ya nemi gwamnatoci da hukumomi su saya su raba, bai samu mai saye ba. Ranar 21 ga Oktoba 1987 ya ba da sanarwar cewa Merck za ta ba da shi kyauta, ga duk mai bukata, har ranar da bukatar ta ƙare. Cibiyar Kitasato ta yafe la'adarta a kan wannan ɓangare. Aziz ya rasu a cikin shekarar, bai ga amfanin shukarsa ba.

Ba laifi ba ne a faɗi cewa kyautar ba daga sama ta faɗo ba. Ribar da ake samu a kan shanun Amurka da tumakin Ostareliya da karnukan Turawa ita ta ɗauki nauyin ƙwayar da ake miƙa wa manomin bakin rafi, kamfanin kuma ya samu suna da rangwamen haraji. Wannan bai rage darajar alƙawarin ba, tun da an cika shi shekara da shekaru. Amma yana nuna cewa zaɓen da Omura ya yi a 1973, na fara neman maganin dabbobi, shi ya sa kyautar ta yiwu, ko da yake ba wanda ya hango haka a lokacin.

Samun ƙwaya dabam, kai ta bakin mai sha dabam. Maganin ba ya kashe babbar tsutsa, ƴaƴanta yake kashewa ya kuma hana ta haihuwa na wani lokaci, don haka dole a sha kowace shekara har uwar ta tsufa ta mutu. Wane sabis na lafiya ne zai bi dubban ƙauyuka shekara goma sha biyar ba fashi? Amsar da aka samu, musamman a ƙarƙashin shirin APOC da ya yi aiki daga 1995 zuwa 2015, ita ce a bar wa gari: jama'a su zaɓi masu rabo daga cikinsu, su sa rana. Da yake ba sikeli a ƙauye, aka ƙirƙiro sanda mai zane, a auna tsawon mutum a ba shi ƙwaya ɗaya zuwa huɗu. Ƙananan yara da masu ciki da masu ciwo mai tsanani ba a ba su. A dazuzzukan Kamaru da maƙwabtanta an gamu da cikas, domin masu ɗauke da wata tsutsa mai suna Loa loa da yawa a jini maganin yana iya taɓa musu ƙwaƙwalwa. A 1998 aka faɗaɗa kyautar zuwa yaƙi da tundurmi da gwaiwa, inda ake haɗa shi da albendazol.

Shi kuwa Omura bai bar faranti ba. Ɗakin bincikensa ya gano sababbin sinadarai kusan 500, fiye da ashirin daga ciki sun zama magani ko kayan aikin masu bincike. Staurosporin, na 1977, ya buɗe hanyar nazarin wasu magungunan ciwon daji, laktasistin na 1991 kuma ya taimaka wajen fahimtar yadda ƙwayar jiki ke niƙe furotin ɗin da ta gama amfani da su. A 2003 tawagarsa ta gama karanta kundin gado, wato ADN, na bakteriyar Kawana, haruffa kimanin miliyan 9. La'adar da ta shigo Kitasato ta hanyarsa an ƙiyasta ta kai yen miliyar 25. Da ita aka farfaɗo da cibiyar, wadda ya shugabanta daga 1990 zuwa 2008, aka kuma gina asibiti a Kitamoto a 1989, wanda ya cika bangayensa da zane-zane don ya yi imani ido ma yana taya jiki warkewa. A garinsu ya gina gidan adana zane ya ba hukumar gari kyauta. Sai a 2004 ya taka ƙasar da maganinsa ya yi aiki, ya ziyarci Gana da Burkina Faso.

Ranar 5 ga Oktoba 2015 aka sanar da ba shi kyautar Nobel ta likitanci. Shi da Campbell suka raba rabi, ɗaya rabin aka ba Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta samo artemisinin, tushen magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake sha a yau. Shekara 114 ke nan bayan an tsallake wanda ya kafa gidan. Da ƴan jarida suka taru, Omura ya ce shi aron ƙarfin ƙananan halittu kawai ya yi.

Akwai wani babi da mai tarihi ba zai ɓoye ba. Da annobar korona ta ɓarke a 2020, wani gwaji da aka yi a kwalba a Ostareliya ya nuna ibamektin yana hana ƙwayar cutar yaɗuwa, amma da yawan da jikin mutum ba zai iya kaiwa ba. Jita-jita ta cika duniya, har wasu suka sha na dabbobi suka cutu. Omura yana cikin waɗanda suka sa rai, a 2021 ya sa hannu a wata maƙala mai goyon bayan amfani da shi. Manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya, a Barazil da Amurka da Ingila, da wanda kamfanin Kowa na Japan kanta ya bayyana a 2022, ba su nuna wani amfani ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zubar da dubban faranti don gwaji ya ce ba kome a cikinsu, a wannan karo son abin da ya haifa ya riga gwajin.

A Nijar, inda labarin ya fara, rabon yabo yana bukatar adalci iri ɗaya. Bisa bayanin OMS, feshin rafuka daga 1976 zuwa 1989 shi ya karya lagon ciwon, tun kafin Mectizan ya wadata. Rabon ibamektin da albendazol da aka yi daga 2008 zuwa 2019, wanda tundurmi aka nufa da shi, shi ya share abin da ya rage a yankunan da cututtukan biyu suka haɗu. Yawan masu ɗauke da tsutsar ya sauko daga kimanin kashi 60 cikin ɗari zuwa 0,02. Kafin a ba da shaida sai da aka kama ƙudaje masu yawa a bakin rafuka aka bincika kawunansu, aka kuma ɗebi ɗigon jini daga yatsun yara ƴan ƙasa da shekara goma, domin yaron da jininsa bai san tsutsar ba shi ne hujjar cewa cizon ya daina ɗaukar ciwo. Shaidar ba ta sallami masu wannan aiki ba. Mekru iyaka ce da Benin, Sirba daga Burkina Faso take gangarowa, Najeriya kuma ba ta gama nata yaƙin ba, don haka sharaɗin OMS shi ne a ci gaba da kama ƙuda ana dubawa.